Mai Ƙidayar Dodon Koɗi

Da asuba, kafin rana ta leƙo gonakin auduga,
nakan zura takalmin roba har gwiwa,
in saɓa rariyata mai doguwar ƙota,
in gangara magudanar da ta bi bayan Barakat.
Aikina ke nan shekara goma sha ɗaya:
in tsamo, in ƙirga, in rubuta,
in kai wa Babikir a ofishin lafiya,
ya sa tabarau ya ce, "Kai, Jatau, bana sun yi yawa."

Na san abin da suke ci.
Gansakukar da ke kan dutse,
ganyen da ya faɗo ya ruɓe har ya manta bishiyarsa,
saiwar kainuwa, da laka in abu ya yi wuya.
Ba sa tauna irin tamu,
kankara suke yi, a hankali,
kamar tsohuwa da ƙanzon tukunya.
Na tudu kuwa, mai jiran damina,
shi ne ya shiga lambun Inna Tambai cikin dare
ya mai da ganyen kuɓewarta rariya,
ya bar mata zaren azurfa a kan kunya
wai shi nan ya biya.

Na kuma san masu cin su.
Gaiwa na murƙushe su a ƙasan ruwa,
in ka kasa kunne sai ka ce gyaɗa ake ɓarewa.
Agwagin Gambo ba sa ko tsayawa bisimilla.
Bushiya na zuwa bayan lisha.
Guza ya haɗiye gida da mai gida.
Akwai wani baƙin tsuntsu da bakinsa ba ya rufuwa a tsakiya,
shi ya fi kowa ladabi:
ya zaro naman, ya ajiye ƙoƙon lafiya lau,
kamar baƙon da ya ci tuwo ya wanke akushi.
Abin da ya rage na tururuwa ne.

Shekarar da Talle ya fara fitsarin jini
na tsane su.
Na riƙa taka su da gangan a kan siminti.
Babikir ya ce, "Ba laifinsa ba ne,
shi ma tsutsar sauka ta yi a gidansa ba sallama,
tana cin sa ta ciki kafin ta fito ta nemi ɗanka."
Ban amsa ba.
Amma daga ranar na daina takawa.

Ubana ya baro Mallammaduri da ƙafa,
tabarma da tukunya da allo a gadon baya,
niyyarsa Makka.
Shekara bakwai yana tafe,
inda dare ya yi nan ne gari,
ya ci abin da hanya ta yar.
Kuraye sun bi shi, masu karɓar kuɗin fito sun bi shi,
zazzaɓi ya cinye masa mata ɗaya a Wadai.
Da ya iso nan ruwa ya yi masa daɗi,
ya ce bari ya huta damina guda.
Kabarinsa na can bayan injin ban ruwa.

Shi ya sa in na ɗago rariya
na ga ƙahonni biyu suna lalube iska,
nakan ɗan jinkirta kafin in ce ɗaya.

Jiya Talle, da ya warke har ya fi ni tsawo,
ya tsinto ƙoƙon da tsuntsun nan ya bari,
ya goga shi a dutse ya yi wa ƙanwarsa katantanwa.
Ta murza, ta saki.
Abin da bai taɓa sauri ba a duniya
sai ga shi yana juyi har ido ba ya kama shi.
Ta yi ta dariya.
Ni kuwa shayina ya huce a hannu,
ban sa shi a lissafin Babikir ba.